Kwanan daji a Sumama: damo ya fanshe kuɗina, filin rawa ya ba ni kunya

'Yan uwa da yawa a nan Riyad sun tambaye ni ko kamfanin da ya kai mu kwanan daji a Sumama, hamadar nan ta arewacin birnin, bayan ƙaramar Sallah ya cancanci riyal 280 da ya karɓa a kan kowane mutum. In ganin damo a ƙofar raminsa ne zai kai ka, biya ka tafi, ba za ka yi da-na-sani ba. In kuwa taro za ku yi mai buƙatar daɓe mai tauri, kamar namu, to ku yi magana da su tun kafin kuɗi su bar aljihu, a rubuce ma in da hali. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Irinsu sun cika hanyar da ta wuce filin jirgin Sarki Khalid ta yi arewa, kowa da tantunansa da janaretonsa, kuma abin da zan faɗa a kan wannan ya shafi da yawa daga cikinsu.

Ni aikin lantarki nake yi a wani kamfanin gine-gine. Shugaban sashenmu Bature ne mutumin Abadin a ƙasar Sikotland, ya tsufa a aikin, zai koma gida. Da aka tambaye shi irin walimar ban kwana da yake so, sai ya ce shi ba ya son otal. Abu biyu ya roƙa: a kai shi ya ga dabbar nan da Larabawa ke kira dabb, wato damo, tana raye, don shekarunsa duk a ƙasar nan a hoto kawai yake ganin ta, sannan a ba shi dama ya koya mana rawar garinsu ko sau ɗaya ce. Dukanmu maza ne. Akwai mu 'yan Kano da Katsina, akwai mutanen Damagaram, akwai Hausawan Makka biyu da ke tuƙa manyan motoci, sai 'yan Pakistan da Masar da Filifin. Ni aka ɗora wa neman wuri, ni na yi waya, ni kuma na faɗa wa mai karɓar kuɗin da bakina cewa muna son fili shimfiɗaɗɗe mai tauri da mutum ashirin za su yi tsalle a kai. Ya ce, "Abshir," wato kwantar da hankalinka, an gama. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san wannan amsa ba ta da wuyar fita.

Bas ɗinsu ya zo a makare, sanyin cikinsa kuma na kujerun gaba ne kawai. Amma wurin da suka sauke mu ya yi kyau. Babban tanti ne baƙi na gashin awaki mai fararen ratsi, an malala dardumai, an jera matasai, gahawa da dabino suna jira tun kafin mu cire takalma. Wuta da itacen da aka shigo da shi daga waje suka hura, don yanzu doka ta hana sarar itacen dajin ƙasar nan da ƙona shi, kuma jami'an tsaron muhalli suna zagayawa. Kabsar rago, wato shinkafar nan tasu da nama, ta dahu, naman yana saki da hannu. Jarish ɗin, wato faten alkama, gishiri ya ɗan yi masa yawa.

Mai girkin ne ya ba mu mamaki. Muna hira da Hausa a gefen murhu sai muka ji an ce, "Sannunku da zuwa, 'yan uwa." Dattijo ne Bahaushen Sudan daga Maiwurno, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa tsohuwa ce, tana da daɗin ji, Larabci na shiga cikinta nan da can. Na ce, "Kawu, ashe gida muka zo." Ya ce, "Ɗana, ku dai ku ci kabsar, amma ku bar wuri a cikinku." Can bayan Isha sai ga shi da faranti na agashe, nama yankan falle-falle an barbaɗe shi da garin ƙuli da yaji. Wannan ba ya cikin abin da muka biya. Kada wani ya je ya ce na ce ana bayarwa.

Rigimar fili tun da la'asar ta tashi. Filin da aka tanadar mana gaban tanti ne, yashi mai laushi da aka rufe da dardumai. Baturen ya taka, ya ɗan yi tsalle, ƙafarsa ta nutse har idon sawu, ya girgiza kai. Can gefe kuwa, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, ga wani fili mai tsakuwa, shimfiɗaɗɗe, mai tauri, wanda ko mota ba ta barin sawu a kansa. Muka ce to ai ga wuri, a kwashe dardumai a kai can. Jagoran da kamfanin ya haɗa mu da shi, wani tsoho Balaraben Najadu mai sandar gora, ya ce sam. Ya ja mu zuwa filin, ya riƙa nuna mana da sanda: rami nan, rami can, wani a gindin ɗan tsiro, bakinsa kamar rabin wata, ƙasa a tare a gabansa. Damo ba ya haƙa gida a yashi mai zubewa, ƙasa mai tauri yake nema, wadda rufin raminsa ba zai rufta ba. Ramin yakan yi nisa ƙwarai, wani har mita goma, ya karkace ya yi ƙasa. Wato dai ƙasar da rawar Sikotland ke so ita ce ƙasar da damo ya riga ya kama. Tsohon ya ce mutum ashirin suna dira a nan cikin duhu, ko dai a rufta wa dabba gida ko wani ya karya ƙafa, kuma shi ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Na ji haushi a lokacin, don ni za a kalla. Amma laifin ba nasa ba ne. Na ofis ne, da suka karɓi kuɗi suka ce "abshir" alhali ko falankin katako ɗaya ba su loda a mota ba.

Nan ne fa wani dattijonmu ɗan Katsina, wanda duk muke kira Baba Alhaji, ya samu abin da yake jira. Dama tun a bas ya ce shi ba ruwansa da kiɗa. Ya dubi ramin, ya dube mu, ya ce, "To, yara, ga ramin damon nan an nuna muku da sanda. Saura shiga." Kowa ya gane inda ya nufa, hadisin nan na Abu Sa'idil Khudri da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi gargaɗin cewa za a bi hanyoyin waɗanda suka gabata taƙi da taƙi, kamu da kamu, har in sun shiga ramin damo a bi su. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ɗaya daga cikin Hausawan Makka ya ce, "Ya Hajj, ai mu ma nan muna da Arda, maza layi biyu suna fuskantar juna da takubba, har sarakuna suna shiga." Baba Alhaji ya ce shi Ardar ma ba ya yi. Ni ba malami ba ne, ban yanke wa kowa hukunci ba. Abin da zan yaba wa ma'aikatan wurin shi ne, ba tare da an roƙe su ba suka shimfiɗa wa Baba Alhaji da mutum huɗu da suka bi ra'ayinsa darduma a bayan wani tudu, suka kai musu wuta da shayi, inda sautin ba ya isa sosai. Ba wanda aka tilasta, ba wanda aka bari a tsaye.

Ita rawar, ban zaci haka take ba. Na ɗauka tsalle-tsalle ne kowa ya yi abin da ya ga dama. Ashe lissafi ce. Ana tsayawa layi biyu ana fuskantar juna, mutum huɗu nan huɗu can, kowa da abokinsa a gabansa. Kiɗan a ƙirge yake, gaɓa 32 ne zagaye ɗaya, a kasa shi takwas-takwas, kuma kowane takwas akwai inda ya kamata ƙafarka ta kai ka. In ka makara da gaɓa ɗaya, wanda zai kama hannunka ya riga ya wuce. Ana maimaita zagayen sau takwas, na kan layi suna gangarowa ƙasa, na ƙasa suna hawa, har kowa ya samu nasa rabon jagoranci. Baturen ya ce kiɗan iri uku ne: ril da jig masu sauri, sai sitiratsife mai tafiyar ƙasaita, wanda ya ce nasu ne na kansu. Goge da akodiyon ne ke ɗauke da shi. Ya ce akwai ƙungiya da ke kula da wannan rawa, wadda wasu mata biyu, Jean Milligan da Ysobel Stewart, suka kafa a Gilasgo a 1923 don sun ga tana neman ɓacewa. Suka bi tsofaffi da tsofaffin takardu suna tattarawa suna bugawa. A 1951 aka ƙara mata laƙabin sarauta, hedikwatarta tana Edinbara, tana da rassa a ƙasashe da yawa.

A garinsu mace da namiji ne ke fuskantar juna. Shi ya sa ya zaɓo mana wadda asalinta maza zalla suka yi ta, Ril na Runduna ta 51. Sojojin Sikotland ne da Jamusawa suka kama a San Baleri ta ƙasar Faransa a watan Yunin 1940 suka ƙirƙire ta a sansanin fursunonin yaƙi, don su motsa jiki kada zaman ya kashe musu zuciya. A tsakiyarta akwai inda mutum huɗu ke kama hannu su yi layi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan a sake yin wani layin ta ɗaya kusurwar; in ka haɗa biyun sai su ba ka farin gicciyen nan da ke kan shuɗiyar tutarsu. Da ya faɗi haka sai na waiga wajen tudun Baba Alhaji, na gode Allah da ba ya kusa.

Yadda ta kaya a kan yashi kuwa, sai wanda ya gani. Takun yana son ka tsaya a kan yatsun ƙafa, ka ɗan yi tsalle ka zura ƙafa gaba ka jawo ta baya. Darduma a kan yashi ba ta yarda da wannan. Zagaye na farko ta tattare, na biyu ta naɗe ƙafar wani ɗan Masar ya zube, ya jawo ɗan Damagaram da ke riƙe da hannunsa. Muka yaye dardumar muka koma yashi tsirara, nan kuma kafin a ƙirga takwas ƙaurinka ya ɗauki zafi. Sifikar da suka ba mu ƙarama ce, janareto kuma an ajiye shi dab da tanti, sai ƙararsa ta danne gogen. Ƙarshe Baturen ya kashe wayarsa ya koma ƙirgawa da baki yana tafi, Kawu mai girki ya kifa wata tukunya yana ba shi amsa da ludayi. A haka muka samu zagaye biyu cikakku ba wanda ya ɓata, layin nan ya miƙe daga kusurwa zuwa kusurwa, tsohon nan mai furfura sanye da zanen mazan garinsu mai ratsi-ratsi yana ihu da murna. Daɗi an ji. Amma mu muka ƙwato shi da ƙarfinmu, kamfani bai sa hannu ba.

Kafin Asuba ruwan bayan gida ya ƙare. Mutum sama da ashirin, tanki ɗaya ƙarami. Da ruwan gora muka yi alwala. Wannan sakaci ne da bai da uzuri a wurin da aka san Musulmi ne za su kwana.

Da safe ne kuɗina ya dawo. Tsohon jagoran bai tashe mu da duku-duku ba, ya ce damo ba ya sammako, sai rana ta ɗaga ƙasa ta ɗumama. Wajen ƙarfe takwas ya zaunar da mu a bayan mota, nesa kaɗan da filin jiya, ya ce kada wanda ya miƙe tsaye, kada inuwar kowa ta faɗa kan rami. Muka yi shiru har na fara tunanin an yaudare mu. Can sai ga kai ya leƙo, gajere mai faɗi, irin na kunkuru. Ya daɗe a haka bai motsa ba. Sannan ya fito da ƙafafun gaba, sannan ciki, ya baje a kan tsakuwa ya shimfiɗa jikinsa ya ba rana baya. Launinsa a lokacin baƙi-baƙi ne, kamar toka jiƙaƙƙiya. Tsohon ya ce mu riƙe wannan launi a ido. Kafin mu shanye shayin da ke hannunmu ya fara washewa, da rana ta ƙara zafi ya koma fari-fari mai ɗan rawaya, ya saje da ƙasar har sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Da sanyi duhun fatar ke jawo masa zafi, in ya ƙoshi da zafin sai ya sauya. Tsawonsa ya fi kamu ɗaya. Manyansu sukan wuce santimita 70. Wutsiyar ce abin kallo, kauri gare ta, zobe-zobe ne na ƙaya tun daga gindi har ƙarshe. Da ita yake duka, kuma in ya shige rami da ita yake toshe ƙofa, ya kumbura jikinsa ya cije a bango, ka ja har ka gaji.

Malamanmu damo suke fassara shi, kuma sunan ya zauna, amma ba damon dajin Hausa ba ne. Namu mai dogon wuya da harshe mai reshe, ƙwari da dodon koɗi yake ci. Wannan ganye yake kiwo. Mun gan shi ya taka zuwa wani ɗan tsiro yana tsinkar furanni ɗaya bayan ɗaya, a natse. Da wuya ya sha ruwa, abin da ke cikin ganyen ya ishe shi, gishirin da ya yi masa yawa kuma ta hanci yake fitar da shi, har ka ga fari-fari a bakin hancin. Kirarin da muke yi wa namu dai, sarkin haƙuri, in aka ba wannan bai ci haram ba. Wani ɗan Filifin ya yi tari, kafin ƙiftawar ido dabbar ta ɓace, sai 'yar ƙura a bakin rami.

Baba Alhaji ne ya fi kowa matsawa gaba a wannan zama. Shi ya ba Baturen labarin, ni ina fassarawa: yadda aka kawo gasasshen damo gidan Uwar Muminai Maimuna, 'yar uwarta ce ta zo da shi daga nan Najadu, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya janye hannunsa da aka faɗa masa ko mene ne, Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so, Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallon sa. Sai wani yaro cikinmu ya ce, "To Baba, tunda halal ne, a kamo mana ɗaya mana." Tsohon jagoran ya gane ko ba a fassara ba. Ya ɗaga yatsu uku: tarar riyal 3,000 ce a kan kowane ɗaya, Cibiyar Kula da Namun Daji ta ƙasa ta hana farautarsa. Ya ce da idonsa ya ga zamanin da ake zura tiyo daga salansar mota cikin rami a tura hayaƙi, ko a kwarara ruwan tanka, a cika bayan a-kori-kura da su don a ɗauki hoto kawai. Filayen da ya sani cike da ramuka tun yana yaro, yanzu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba. Na ji wasu masu tantuna har yanzu suna raɗa wa baƙi cewa za a samo musu nama in sun ƙara kuɗi. Waɗannan ba su yi mana wannan tayin ba, kuma da tsohon nan a wurin ban ga wanda zai iya ba.

Baturen ya ce duk ƙasarsu ƙadangare mai ƙafa na asali iri ɗaya ne tak, ɗan ƙarami da bai fi tsawon tafin hannu da yatsu ba, kuma saboda sanyi ba ya saka ƙwai a ƙasa, 'ya'ya yake haifa. Akwai wani kuma marar ƙafa da baƙo zai rantse maciji ne. Baba Alhaji ya ce ƙasar da ƙadangare ke haihuwa ai dole mutanenta su yi ta tsalle don su ji ɗumi. Na fassara, Baturen ya yi dariya har da tari, ya ce ba a taɓa ba shi bayanin da ya fi wannan ba.

Wanda zai je ya lura da lokaci. Tallar kamfanin tana ɗauke da hoton damo duk shekara, alhali da hunturu, lokacin da mutanen Riyad suka fi fita kashta, wato shaƙatawa a daji, yana can ƙarƙashin ƙasa yana barci, ko ka kwana bakin ramin ba za ka gan shi ba. Daga Maris zuwa Mayu ne lokacinsa, kafin zafi ya hana mutum zama a fili. Ku tambaya ko tsohon jagoran ne zai fita da ku, don na ji suna da wasu samari da ke zagaya mutane a mota kawai su dawo da su. Ku ɗauki jarkar ruwa ta kanku. In kuma akwai mai niyyar taka rawar layi biyu, ya biya ta wajen kafinta a Sina'iyya, unguwar masu sana'a, ya yi hayar falanki, ya sa a ajiye janareto can nesa a bayan bas.